Shigo da Sukari da Alawa Najeriya: Hanyar da Ɗan Kasuwa Zai Bi Daga Oda Har Kaya Su Shiga Sito

Duk wanda ya ratsa Kasuwar Singa a Kano ana saura 'yan kwanaki azumi ya san irin kuɗin da ke yawo a harkar kayan zaƙi: buhunan sukari jibge har rufin shago, katan-katan na minti da cingam da biskit, 'yan dako na kai da komo ba hutawa. Ganin haka ne ke sa ɗan sarin da jarinsa ya fara kauri ya ce, me zai hana ni ma in yi oda kai tsaye daga Turkiyya ko Indiya ko Sin, in huta da saye a hannu na uku? Buri ne mai kyau, kuma ina son in ga mutanenmu da yawa sun kai wannan matsayin. Sai dai akwai abu biyu da nake so su zauna maka tun yanzu. Sukari da alawa a shago ɗaya ake sayar da su, amma a wurin gwamnati ba ta ƙofa ɗaya suke shigowa ba. Sannan mafi yawan aikin fitar da kaya daga hannun kwastam ana gama shi ne tun kayan ba su hau jirgi ba. Wanda ya bari sai kwantena ta iso Legas sannan ya fara neman takardu, kuɗin kwana kaɗai ya isa ya cinye masa riba.

Sukari: ƙofar a rufe take ga ƙaramin ɗan kasuwa

Gara in faɗa maka wannan tun farko don kada ka ɓata lokaci. Idan nufinka ka shigo da farin sukari ka sayar, ajiye wannan tunanin.

Najeriya na da hukumar bunƙasa sukari, NSDC, tun 1993. A 2012 gwamnatin tarayya ta amince da babban tsarin sukari na ƙasa, ya fara aiki a 2013. Manufarsa ita ce a daina dogara da sukarin waje, a koma noman rake da tace shi a gida. Don haka aka ɗaga katanga: daga Janairun 2013 aka ɗora wa ɗanyen sukari kuɗin fito kashi 10 cikin 100 da ƙarin haraji, wato lebi, kashi 50, tataccen kuwa kashi 20 da lebi kashi 60. Sauƙin da aka bari, na kashi 5 da lebi kashi 5, na kamfanonin da ke da matata ne kuma suka zuba jari a gonakin rake, kowannensu da adadin tan ɗin da aka yanka masa a shekara. Su ne Dangote mai gonar Numan a Adamawa da ta Tunga a Nasarawa, da BUA mai Lafiagi a Kwara, da Golden Sugar mai Sunti a Jihar Neja. Ɗanyen sukarin da suke tacewa galibi daga Brazil yake zuwa, jirgi guda. A Yulin 2021 ma Babban Bankin Najeriya ya fitar da sanarwa cewa waɗannan kamfanoni uku ne kawai za a buɗe wa takardun shigo da sukari. Bugu da ƙari, sukarin da aka ƙulla a ƙananan kwalaye ko ledoji na sayarwa ɗai-ɗai yana cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su gaba ɗaya.

Ana iya yin muhawara a kan ko wannan tsari ya amfani talaka. Ni a ganina har yanzu bai cika alƙawarinsa ba, domin abin da muke samarwa daga rakenmu ɗan kaɗan ne a kan abin da muke sha, kuma farashin buhu bai tausaya wa mai shayi da mai fura ba. Amma ra'ayina ba ya canza doka. Wanda ya ɗauko sukari ta ɓarauniyar hanya, in aka kama shi, kaya da mota duka ake ƙwacewa. Akwai kuma wani abin da ba a cika faɗa ba: tun 2002 doka ta wajabta a sa sinadarin bitamin A a sukarin da ake sayar wa jama'a, shi ne alamar idon nan da ke jikin buhu. Na fasa-ƙwauri ba lallai yana da shi ba, kuma yaranmu ne ke shan kunu da koko da shi.

To mai son harkar sukari ina zai nufa? Ya nemi zama dilan ɗaya daga cikin matatun nan, ko ya saya a hannun manyan dilolinsu. Mai ƙaramar masana'antar alawa ko gidan burodi kuwa, matatun na yin sukarin masana'antu a buhu mai kilo 50, sai ya nemi wannan. Sauran bayanin da ke tafe na alawa ne da danginta, inda hanya take a buɗe ga wanda ya shirya.

Mataki na farko: ka zama kamfani

Ba a shigo da kwantena da sunan "Alhaji wane na layin kaza". Yi wa kasuwancinka rajista da hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ka karɓi lambar biyan haraji, TIN, ka buɗe asusun kamfani a bankin kasuwanci. Sunan da ke takardar CAC shi za ka riƙa sawa a kowace takarda harafi da harafi. Bambancin harafi ɗaya tsakanin takardar banki da ta jirgi yana iya tsayar da kaya mako guda.

Mataki na biyu: gano lambar kayanka

Kwastam ba ta san "alawa" ba, lamba ta sani. Kowane kaya a duniya yana da lamba a kundin da ake kira HS, kuma lambar ce ke yanke nawa za ka biya. Babi na 17 shi ne na sukari da kayan zaƙi. 17.01 sukarin rake ko na saiwar da Turawa ke kira beet ne, ɗanye da tatacce. 17.02 sauran nau'o'in zaƙi ne, irin su ruwan gulukos da masu dafa alawa ke amfani da shi. 17.04 ita ce gidan alawar da ba koko a cikinta: cingam yana 1704.10, minti da tofi da alawar tsinke da mai danƙo suna 1704.90. Da zarar koko ya shiga, ko da shafa shi kawai aka yi a bayan tofi, kaya ya tashi daga nan ya koma 18.06, gidan cakulan. Farin cakulan shi ne ya fita daban, domin man koko kawai ke cikinsa, saboda haka yana nan a 17.04. Biskit da wefa kuwa suna 19.05, ko da an lulluɓe su da cakulan.

Kuɗin fiton da ake ɗorawa a kan waɗannan lambobi ya samo asali ne daga jadawalin bai-ɗaya na ƙasashen ECOWAS, wanda ya fara aiki a 2015. Hawa biyar ne: 0, 5, 10, 20 da 35 cikin 100. Kayan da aka gama sarrafawa, aka ƙulla don mai saye, suna hawa biyun ƙarshe, kuma nan kayan zaƙi suke. Najeriya takan ƙara lebi a kan wasu kayan, Ma'aikatar Kuɗi kuma takan sabunta jadawalin da jerin kayan da aka hana. Don haka kafin kowace oda, buɗe shafin kwastam na intanet ka duba lambarka mai lamba goma, ka duba jerin haramtattun kaya. A jerin nan akwai maƙwabtan alawa da ke yawan ruɗar mutane: garin koko, taliya da indomi, ruwan 'ya'yan itace na kwali, da lemon kwalba. Mai kamfani a waje zai iya ce maka ya cika maka sauran wurin kwantena da 'yan katan na lemon kwali a farashi mai sauƙi. Kada ka yarda. Katan hamsin na haramtaccen kaya sun isa a riƙe kwantenar baki ɗaya.

In kayanka na tsakiya ne, ba ka tabbatar gidansa ba, tun 2024 hukumar kwastam ta buɗe hanyar neman hukunci a rubuce tun kafin kaya su zo. Ka kai bayanin abin da aka haɗa kayan da shi, su faɗa maka lambarsa. Ya fi maka ka dogara da "haka muke sa shi" na ejan, wato wakilin da ke fitar maka da kaya daga hannun kwastam.

Mataki na uku: NAFDAC, inda ake buƙatar haƙuri

Wannan shi ne mataki mafi tsawo, shi ne kuma wanda mutanenmu suka fi tsallakewa. Duk abincin da aka sarrafa aka ƙulla, sai an yi masa rajista da hukumar NAFDAC kafin a shigo da shi don sayarwa. Takardar SONCAP da ake nema a kayan lantarki da makamantansu ba ta shafi abinci ba. Abinci na NAFDAC ne.

Rajistar ta intanet ake nema, a shafinsu na NAPAMS. Kamfanin da ke yin kayan zai ba ka takardar wakilci da ke nuna kai ne wakilinsa a Najeriya, lauya mai hatimi ya sheda ta a can ƙasar. Zai kawo maka takardar hukumar ƙasarsu da ke tabbatar da cewa ana yin kayan kuma ana sayar da shi a can ba tare da hani ba, ofishin jakadancin Najeriya ya buga mata hatimi. Sai takardar gwajin ɗakin bincike, da shedar rajistar sunan kayan a Najeriya, da zanen takardar da ke jikin kayan, da takardar gayyatar jami'an hukumar su je duba masana'antar. Za a ba ka izinin shigo da samfur kaɗan, a gwada shi a ɗakin bincikensu. In ya tsallake, a ba ka lambar rajista mai wa'adin shekara 5. Abu ne na watanni, kuma da kuɗinsa. Sa shi cikin jari tun farko.

Kowane kaya da lambarsa. Lambar mintin kamfani ba ta rufe cingam ɗinsa. Kuma in wani kamfani a Najeriya ya riga ya karɓi wakilcin kayan ya yi masa rajista, ba ka da ikon shigo da shi a kan lambarsa. Ko ka saya a hannunsa, ko ka nemi wani kayan. Shi ya sa wasu masu hangen nesa suke yi wa sunansu na kansu rajista, su ba masana'anta a waje kwangilar yi musu alawa da wannan sunan. Wahalarsa ɗaya ce da ta wakilci, amma sunan ya zama naka, ba mai ƙwace maka kasuwa gobe. Manyan kantuna masu shigo da kaya iri-iri kaɗan-kaɗan suna da wani tsarin na daban a hukumar, amma wannan ba na ɗan sari ba ne.

Yanzu ɗauki leda ɗaya ta samfurin a hannunka, ka juya bayanta, ka karanta a hankali. Dole rubutun ya kasance da Turanci. Larabci ko Turkanci ko Sinanci kaɗai bai wadatar ba. Nemi sunan kayan, jerin abubuwan da aka haɗa, nauyi, suna da adireshin masana'anta, ƙasar da aka yi shi, lambar rukunin da aka buga, ranar da aka yi da ranar da zai lalace, da wurin da lambar NAFDAC za ta zauna. Goga babban yatsanka a kan kwanan watan. In tawadar ta goge ko ta bazu, ka ce su gyara, domin kwanan watan da ba ya karantuwa daidai yake da babu a wurin mai duba kaya.

Ka tsaya sosai a jerin kayan haɗin, domin akwai haƙƙin da ya wuce na hukuma. Alawa mai danƙo, irin mai siffar dabbobi da yara ke so, da irin mai laushi kamar auduga, yawanci da jelatin ake yin su, jelatin kuwa daga fata da ƙashin dabba ake samunsa, kuma a ƙasashe da yawa na alade ne ya fi yawa. Ka nemi a rubuta maka daga wace dabba yake, a kawo maka takardar halal daga hukumar da aka sani, ko ka zaɓi wadda aka yi da fektin, wanda daga 'ya'yan itace ake cire shi. Wasu cakulan ɗin masu ruwa a ciki da giya ake cika su. Jan launin da ake rubutawa E120 daga wani ƙwaro ake samo shi, malamai kuma sun yi saɓani a kansa. Uwar da ta saya wa ɗanta alawar naira hamsin a bakin makaranta ba za ta karanta wannan ba. Amana ce a wuyan wanda ya shigo da ita.

Mataki na huɗu: yi lissafi kafin ka ce "na saya"

Kalma biyu za ka riƙa ji. FOB shi ne kuɗin kaya har a ɗora su a jirgi a can ƙasar. CIF shi ne FOB da kuɗin jirgi da inshora a haɗe. A kan CIF ake yanka kuɗin fito.

Mu ɗauki misali, alƙaluman na koyarwa ne kawai. Ka sayi katan 2,000 na minti a kan dala 10 kowanne, FOB ya zama dala 20,000. Jirgi dala 3,000, inshora dala 200, CIF ya zama dala 23,200. A ce canjin da kwastam ke aiki da shi a ranar naira 1,500 ne: FOB naira miliyan 30, CIF naira 34,800,000. In lambarka ta kashi 35 ce, kuɗin fito 12,180,000. Akwai ƙarin kashi 7 a kan kuɗin fiton kansa, 852,600. Akwai kashi 1 na FOB na duba kaya, wanda ake kira CISS, 300,000. Akwai rabin kashi ɗaya na CIF na ECOWAS, 174,000. Sai a haɗa CIF da duk waɗannan, 48,306,600, a cire harajin VAT kashi 7.5 a kai, 3,622,995. Jimlar abin da za ka biya gwamnati naira 17,129,595, kusan rabin kuɗin kayan da jigilarsu. Katan ɗin da ka saya a kan naira 15,000 ya kusa 26,000 ke nan, alhali ba a biya tasha ba, ba a biya cajin kamfanin jirgi na nan gida ba, ba ejan, ba tirelar da za ta kawo shi Arewa, ba 'yan sauke kaya.

Ka bar wa lissafinka sarari. Dokar kwastam ta 2023 ta tanadi wani caji na kashi 4 na FOB. An fara karɓarsa a Fabrairun 2025 aka dakatar, aka dawo da shi a Agusta a madadin kashi 1 ɗin nan, Ministan Kuɗi ya sake ba da umarnin dakatarwa a Satumba. A misalinmu, bambancin 300,000 ne da 1,200,000. Canjin dala ma yana motsi tsakanin ranar oda da ranar biya. Bayan ka gama, je kasuwa ka tambayi farashin katan na irin kayan da ake yi a Legas da Ota da Kano. In naka bai fi su da wani abu da mai saye zai gani ba, ɗanɗano ko ƙulli ko suna, to wannan kashi 35 ɗin an sa shi ne daman don su fi ka sauƙi, kuma za su fi ka.

Mataki na biyar: Fom M, sannan lodi

Ka karɓi takardar farashin farko daga kamfanin, wadda ake kira furofoma, a nuna kuɗin kaya daban, kuɗin jirgi daban, da cikakken bayanin kayan da lambarsu. Ka yanki inshora a kamfanin inshora na Najeriya. Ka haɗa da takardunka na NAFDAC, ka kai banki a buɗe maka Fom M, wato takardar da ke yi wa odarka rajista a hukumance kafin a shigo da kaya. In ta banki za ka sayi dala akwai irin nasa, in da dalarka za ka biya akwai irin nasa, amma ko wanne ne sai an buɗe. Banki ya tantance, kwastam ta yi rajistarsa. Sai ka ga lambar Fom M a hannunka sannan ka ce wa kamfani ya yi lodi, kuma lambar ta fito a jikin takardun jirgin. Kada a juya wannan tsari.

Wajen biyan kuɗi, in karon farko ne da kamfanin, kada ka tura duka. Ko ka bi ta takardar lamunin banki, ko ka ba da kafin alƙalami ka cika bayan an turo maka hoton takardar lodi. In aka turo maka saƙo cewa asusun kamfani ya canza, kira su a lambar da ka sani tun da, ka ji daga bakinsu.

Sai maganar zafi, wadda takarda ba ta magance ta. Man koko yana narkewa a wajen digiri 34, kwantenar ƙarfe kuwa in ta kwana biyu a rana a tashar Legas cikinta ya wuce haka nesa. Cakulan da ya narke ya sake daskarewa yakan fito da fari-fari a jikinsa, ba mai saye. In cakulan na gaske za ka ɗauko, sai kwantena mai sanyi, da kuɗin wutarta a tasha, da sito mai sanyi a gida. In ba ka da waɗannan, tsaya a minti da cingam da biskit. Su ma mintin laima ce abokiyar gabarsu: in ledar ba ta rufu da kyau ba sai su jiƙe su manne da takardarsu. Ka sa a yarjejeniya cewa kayan sabon bugu ne. Tafiyar teku, zaman tasha da hanyar Arewa suna cin watanni, kuma ɗan sari ba ya karɓar kayan da ya rage wata uku ya lalace.

Tun a nan za ka yanke tashar da kaya za su sauka: Apapa, Tin Can, Lekki ko Onne. Akwai kuma tashoshin tsandauri, ta Kaduna da aka buɗe a 2018 da ta Dala a Kano da aka buɗe a 2023. In a can kake son a duba kayanka, sai an rubuta sunan tashar a takardar lodin jirgi a matsayin zangon ƙarshe tun daga can. Tambayi kamfanin jirgin da tashar kuɗi da tsawon lokaci, ka gwada da na Legas.

Mataki na shida: PAAR da ranar duba kaya

Da jirgi ya tashi, kamfani zai turo takardar farashi ta ƙarshe, jerin abin da ke cikin kwantena, takardar lodin jirgi, takardar asalin kaya da ta gwajin wannan rukunin. Kai wa banki nan take, ya tura wa kwastam, su fitar da PAAR. Takarda ce da ke nuna lambar da suka amince da ita, darajar da suka ɗora wa kayan da kason da za a biya. Karanta ta da kanka. In ka ga kuskure, a gyara tun jirgi na kan ruwa.

Ejan mai lasisin kwastam ne zai shigar da bayanin kayan a na'urar hukumar, wato tsarin da ake kira B'Odogwu. Zaɓen ejan ya kai zaɓen kaya muhimmanci. Nemi ganin lasisinsa, ka tambayi waɗanda ya yi wa aikin kayan abinci. Kuɗin fito kuwa, ka ce a ba ka takardar kimantawa ka biya ta banki da sunan kamfaninka, rasit ya zauna a hannunka. Ejan da ya ce ka ba shi kuɗi dunƙule zai "san yadda zai yi" ya rage maka, abin da zai yi shi ne ya rage darajar kayan ko ya sauya musu lamba. In aka gano, takardar cikon kuɗi, wadda suke kira DN, da sunanka za ta fito, da tara a kai, shi kuwa ya kashe waya.

Kayan abinci ka sa rai za a buɗe su. Ranar dubawa za a ajiye kwantena a fili, a duba lambar hatimin ƙofa a gwada da ta takarda, a yanke shi a gaban ejanka. 'Yan dako su fito da katan-katan, ba na bakin ƙofa kawai ba, har a yi hanya zuwa ciki. Jami'in kwastam yana ƙirga yana gwadawa da jerin kaya. Jami'in NAFDAC ya farke katan, ya ciro leda, ya duba lambar rajista da kwanan wata, ya ga ko rukunin da ke jiki shi ne na takardar gwaji, ya ɗebi samfur. In kana da hali ka tsaya a wurin, ko ka tura yaronka mai amana da waya yana ɗaukar hoto. Bayan an sake kaya sai biyan tasha da kamfanin jirgi. Kwanakin kyauta da suke bayarwa kaɗan ne, daga nan kuɗin kwana ya fara hawa kullum, kuma akwai kuɗin ajiya na kwantena da ba za a mayar maka ba sai ka dawo da ita ba komai ciki a kan lokaci.

Ta iyakar ƙasa, da masu ƙaramin jari

Kayan da aka yi a wata ƙasar ECOWAS, kamar Ghana ko Kwaddibuwa, suna iya shigowa ba kuɗin fito a ƙarƙashin tsarin ETLS na sauƙaƙa ciniki tsakanin ƙasashen ƙungiyar, in masana'antar da kayan sun samu amincewar tsarin kuma akwai takardar asali ta ECOWAS. VAT da rajistar NAFDAC suna nan. Amma alawar Turkiyya da aka sauke a Kwatano ko Lome ba ta zama 'yar ECOWAS ba don ta kwana a can. Cikakken kuɗin fito za ta biya. Masu bi ta Jibiya, Illela, Maigatari ko Kwangwalam su tuna cewa Nijar ta fice daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso a Janairun 2025, kuma iyakokin nan an taɓa rufe su a Agustan 2019, aka fara buɗe wasu a Disamban 2020, aka sake rufe na Nijar a 2023. Tambayi ofishin kwastam na iyakar abin da ake ciki kafin mota ta taso.

Mai dawowa daga Umara ko Dubai da cakulan na tsaraba ba shi da damuwa; a Satumban 2025 kwastam ta yafe kuɗin fito a kan ƙananan kayan da ba su wuce dala 300 ba, in ba haramtattu ba ne. Hajiyar da ke turo katan ashirin ta hannun masu kago don sayarwa kuwa, ta sani cewa haɗa kaya da na wasu bai ɗauke mata rajistar NAFDAC ba, kuma in kayan wani a kwantenar suka jawo matsala, nata ma sun tsaya. Mai jari irin wannan ya fi masa ya fara da sari a hannun wakilin da ya riga ya yi rajista, ya koyi abin da kasuwa ke so, kafin ya kai ga oda da sunansa.

Hanyar Arewa

Fitowa daga tasha ba shi ne ƙarshen kwastam ba. Akwai jami'an sintiri a hanya, kuma doka ta ba hukumar ikon bin sawun kaya har sito bayan an sake su. Ba direba kwafin takardar shigar da kaya, PAAR, rasit ɗin biyan kuɗin fito, takardar fita daga tasha da ta NAFDAC, a cikin leda ɗaya, ka riƙe na asali a ofis, ka ajiye hotonsu a waya. Lambar kwantena da yawan katan da ke takarda su yi daidai da abin da ke kan mota. In an juye kayan zuwa wata motar a Legas, a rubuta takardar rakiya da ke nuna daga wace kwantena suka fito. Kada direba ya ɗora kayan wani a kan naka. Da sun iso, a jera katan a kan katako, nesa da bango da rufin kwano, a rubuta lambar rukuni da ranar lalacewa a littafin sito, wanda ya fi kusa da lalacewa shi ne zai fara fita. Fayil ɗin wannan kwantenar kuma a adana shi shekaru, domin shi za a nema ranar da masu binciken bayan fito suka zo.